Mantau Maƙeri da Fatar Mugu

Labari ya iso bakin ƙofa, mai kunne ya buɗe masa ya shigo.

A ƙauyen Kwarin Gawo an yi wani maƙeri ana kiransa Mantau. Ƙato ne na gaske, in zai shiga zauren gidansu sai ya sunkuya kuma ya karkace. Tun yana saurayi wani jan ƙarfe ya suɓuce daga awartaki ya ƙone masa kuncin hagu, tabon ya ja masa leɓe sama har haƙoransa biyu suna leƙowa. Ga murya kamar ana mirgina turmi. Bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, amma har ya haura arba'in bai sami matar da ta yarda ta zauna da shi ba.

Yaran ƙauyen suna da wani wasa da suke yi a gindin tsamiya, kusa da wani tsohon suri mai tsawon mutum biyu. Sukan ɗauko tatsuniyar da kakanninsu suka yi musu su raba ta a tsakaninsu. Wannan shi ne jarumi, waccan tsohuwa mai taimako, wancan mai wayo, wata kuma ita za a sace a ceto. Mugu ne kaɗai ba mai so. Sai su nuna rumfar maƙera daga nesa su ce, ga shi can.

Yarinya ɗaya ce ba ta tsoronsa, Kyauta, 'yar ƙanwarsa Yalwa, mai shekara bakwai. Kullum da safe takan zauna kan kututture a maƙera. In ya yi bugu biyu a kan ƙarfe, ɗaya a kan uwar maƙera, sai ta amsa masa da tafi biyu. Haka suke hirarsu har a kira ta karin kumallo.

Wata Laraba, rana ta take tsaka, Mantau yana gyaran bakin garma, sai ga yara sun faɗo maƙera a guje, su da ko inuwar rumfar ba sa yarda ta taɓa su. Babbar cikinsu tana haki ta ce, "Baba Mantau, an tafi da Kyauta!"

Da ƙyar ya tattara maganar. Suna cikin rabon wasa sai ga wani saurayi cikin farar riga, kyakkyawa har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Ya ce jarumi ya iso, wace ce za a ceto? Kyauta ta ɗaga hannu tana dariya. Ya kama hannun, suri ya tsage kamar an fasa kabewa, suka shige, ya koma ya rufe.

Mantau ya fizgi gudumarsa. A gindin tsamiya ya tarar da Yalwa tana tonon suri da farce, yatsunta duk jini.

Ta ce, "Yaya, 'yata!"

Ya ce, "Ja baya, Yalwa. Ba zan fito ba sai da ita."

Ya yi bismilla ya ɗaga guduma. Bugun farko, ƙasa ta yi gurnani. Na biyu, tsamiya ta zubo da 'ya'yanta kamar ruwan sama. Na uku, suri ya wangame baki, wata iska mai sanyi ta fizge shi ciki.

Ya yi ta gangarawa, ya yi ta gangarawa, har ya faɗi tim a wani zaure mai faɗin kasuwa. A tsakiya ga wata mata zaune kan gadon jar ƙasa, gashinta ya zubo ya rufe daɓe, fararen gara dubu suna taje mata shi. A bayanta akwai turaku biyar a jikin bango. Huɗu babu komai a kansu. Na biyar yana rataye da wata baƙar fata mai ƙahoni.

Mantau ya durƙusa ya ce, "Sallama gare ki, ya ma'abuciyar wannan wuri."

Ta ce, "Aminci ga wanda ya zo da aminci. Ni ce Uwar Suri, mai tsaron ƙofa kuma mai yanke hukunci a ƙasar nan. Ya kai ɗan Adam, shekara ɗari huɗu ba wanda ya taɓa buga ƙofata daga waje. Me kake nema?"

"Ranki ya daɗe, 'yar ƙanwata nake nema. Yanzun nan aka shigo da ita."

"To, saurara. A ƙasarmu ba a yawo da suna. Labari ɗaya gare mu, duk bayan shekara goma a yi shi a gaban 'ya'yanmu, kuma duk wanda ya taka ƙasar nan sai ya ɗauki rabonsa a ciki. Farar riga ta jarumi ce, tana jikin ɗana Barƙiyanu. Shuɗin zane na mai taimako ne, yana da mai shi. Rigar faci ta mai wayo ce, ita ma haka. Rawayan mayafi na wadda za a ceto ne, yau aka yafa wa 'yarku. Saura wannan." Ta nuna fatar.

Mantau ya ce, "In an cece ta, sai a mayar da ita gida?"

"Wadda jarumi ya ceto tasa ce. Takan zama kurciya a farfajiyarsa. Talatin da tara gare shi, taku ce cikon ta arba'in."

Mantau ya ce, "Mugun fa?"

"Mugu mutuwa yake yi. Da fursunoninmu muke sa wa, bana kuwa ba mu da ko ɗaya, sai ga ka. Amma ka sani, a kogon mugu ake ajiye yarinyar, can kan Baƙin Dutse. Rana ba ta faɗuwa a nan sai labari ya ƙare. Za a buga tambari sau uku, a na uku jarumi zai iso kogon. Ka sa fatar ka shiga, ko ka juya in buɗe maka ka koma gida lafiya."

Mantau ya miƙe ya zaro fatar ya yafa. Nan take ta manne masa kamar an zuba masa ƙaro. Ƙahoni suka kafu a kansa, farata suka fito zaƙo-zaƙo, wutsiya ta share ƙasa a bayansa. Ya buɗe baki zai tambayi hanya, sai wani ruri ya fito da ya sa gara suka tarwatse.

Uwar Suri ta ce, "Mu aljanu muna jin maganarka sarai. Kunnen ɗan Adam kuwa ruri kaɗai zai ji. Yarinyar ba za ta san ka ba. Bi gabas."

Bango ya buɗe, ya fita. Sararin samaniyar ƙasar kore ne shar, itatuwa sun kafa rassansu a ƙasa saiwoyinsu suna sama. Ciyawa tana ganinsa ta kwanta tana raɗa, mugu ya zo, mugu ya zo. Tsuntsaye masu fuskar mutane suka tashi suna ihu. Ya riƙe gudumarsa ya sheƙa da gudu, ya ga ashe ƙafafun fatar da taku ɗaya suke tsallake gona guda.

A wata mararraba ya tarar da tsohuwa cikin shuɗin zane, zaune bakin rijiya. A ƙafarta akwai marin ƙarfe da ya yi tsatsa, ya ci naman har ya nutse ciki. Ta ɗago ta dube shi ba tsoro.

Ta ce, "Wuce, mugu. Ba kai nake jira ba."

Ya kamata ya wuce ɗin, amma idonsa na maƙeri ya riga ya faɗa kan marin. Ya ce, "Iya, wa ya ɗaura miki wannan?"

"Rabona ne. Ni ce mai taimako. Aikina in roƙi jarumi ya kwance ni, in ya tsaya ya yi, in ba shi abin da zai amfane shi. Barƙiyanu ya tsaya sau ɗaya, a farkon zamani. Tun daga nan miƙo hannu kawai yake yi daga kan doki ya karɓa ya wuce."

Mantau ya tsugunna. Ya sa farce ya laluba har ya sami kan ƙusar da ta haɗa marin. Ya tokare ta da dutse, ya ce, "Rufe ido, Iya." Bugu biyu ƙusar ta fita, marin ya buɗe ya faɗi. Tsohuwa ta miƙe ƙafa tana kallonta kamar ta wani. Hawaye suka zubo mata, duk inda ɗigo ya faɗa sai fure ya tsiro.

Daga nesa tambari ya yi ƙara. Na farko kenan.

Tsohuwa ta ciro wata 'yar aska daga ƙullin zanenta, ta ce, "Wannan tana yanke ɗinki ɗaya na fatar da ke jikinka, in hannun da ba ya tsoronka ne ya riƙe ta. Amma haramun ne in ba mugu komai. In na miƙa maka, hannuna zai bushe." Sai ta ajiye askar a bakin rijiya. "Sai dai ba a taɓa hana mugu ƙwace ba. Aikinsa ne."

Mantau ya ce, "Iya, ni ko allura ban taɓa ɗauka ba da sanin mai ita ba."

"To yau za ka fara, ɗan nan. Yi maza, kuma ka yi ruri sosai, ciyawa na kallo."

Ya runtse ido don kunya, ya saki ruri, ya wafce askar ya soke a gashin wuyansa. Tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana kururuwa, "Wayyo, an yi mini fashi!" Da ya waiwayo daga nesa sai ya hango ta tana taka rawa da ƙafar da aka kwance.

Bai yi nisa ba zafi ya fara dukan fuskarsa. Ya hau wani tudu, sai ga kogi a gabansa, amma ba na ruwa ba. Narkakken ƙarfe ne ke malala, yana tafasa yana tartsatsi, a tsallakensa ga Baƙin Dutse ya tokare sama. A saman kogin akwai faifai-faifai na ƙarfe suna yawo, wasu farare fat, wasu ja, wasu baƙaƙe.

Wani zomo cikin rigar faci ya ɓullo daga bayan dutse ya faɗi yana gaisuwa. "Ranka ya daɗe, sarkin firgita, mai ƙahon da ya tsaga gajimare! Ni ne baranka, ɗan jagoran kogi. Ka ga fararen can? Gishiri ne, sanyi ƙalau. Su za ka taka. Baƙaƙen kuwa ramuka ne, kada ka kuskura."

Mantau ya dubi kogin, dariya ta kusa kama shi. Shekara talatin yana gaban wuta. Ya san farin ƙarfe shi ne wanda ya kai maƙura a zafi, ja yana biye da shi, baƙi shi ne ya fara hucewa. Ya ce, "Na ji, mai wayo." Ya daka tsalle ya dira kan baƙi.

Tafin ƙafarsa ya yi cuu, amma faifan ya ɗauke shi. Ya sake tsalle, ya sake, yana zaɓen baƙi daga baƙi, tartsatsi na cin gashinsa. Yana tsakiyar kogi ya ji abu ya taɓa wuyansa. Ashe zomon ya maƙale a bayansa tun daga gaɓa, ya zare askar, ya yi tsalle zai gudu. Garin sauri ƙafarsa ta zame, ya nufi farar wuta da ka.

Mantau ya kai hannu ya cafke kunnuwansa a iska. Faifan da yake kai ya karkata, wutsiyarsa ta tsoma cikin kogin ta ƙone ƙurmus. Ya cije, ya yi tsalle uku na ƙarshe, suka zube a ɗaya gaɓar.

Zomo ya kwanta yana makyarkyata, ya miƙo askar. Ya ce, "Na yi maka ƙarya, na yi maka sata. Don me ba ka sake ni ba?"

"Na san yadda ƙuna take. Ba na so wa kowa."

Zomo ya dubi hagu da dama, ya rage murya. "Shekara ɗari huɗu ban faɗi gaskiya ba, ban san ko bakina zai iya ba. Takobin Barƙiyanu ba ya fita daga kube sai yarinyar ta yi kuka ta kira mai ceto. Kiranta ne ke zare shi. Ka ji, ban ce komai ba." Faci ɗaya ya ɓalle daga rigarsa ya faɗi. Tambari na biyu ya amsa, zomo ya ɓace.

Mantau ya kama dutsen da farce ya yi ta hawa har ya kai bakin kogo. A can ciki ya hango rawayan mayafi a ƙudundune. Murna ta sa ya manta, ya ce, "Kyauta!"

Rurin ya cika kogon. Yarinya ta ƙwalla ƙara ta manne da bango. Ta ɗebi duwatsu tana jifansa, ɗaya ya same shi a ido. Tana kuka tana cewa, "Kar ka matso! Kawuna maƙeri ne, in ya zo sai ya fasa maka kai!"

Ya ja baya ya zauna a bakin kogo, zuciyarsa kamar ta fashe. Ya zo har nan, ga ta taku goma daga gare shi, kuma duk kalmar da ya furta ƙara razana ta za ta yi. A ƙasa ya fara jin kaɗe-kaɗe, aljanu suna taruwa a gindin dutse.

Sai idonsa ya faɗa kan marin ƙarfen da ke kafe a bakin kogon, inda ake ɗaure waɗanda aka kamo. Ya ɗaga guduma a hankali. Bugu biyu a kan ƙarfe, ɗaya a kan dutse. Ya dakata. Ya sake, biyu a kan ƙarfe, ɗaya a kan dutse.

Kukan ya tsaya. Ya sake yi a karo na uku.

Daga cikin duhun kogon aka yi tafi biyu.

Ta fito tana jan ƙafa, tana kallon gudumar, ta gane ƙotarta mai ɗaurin jar fata. Ta ɗago ta dubi fuskar, ta ga har fatar ba ta ɓoye tabon kuncin hagu ba. Ta ce, "Kawu?" Ya gyaɗa kai. Ta ruga ta faɗa jikinsa, ƙahoni da farce duk ba ta kula ba.

Ya zaro askar ya miƙa mata, ya nuna maƙogwaronsa inda wani ɗinki mai kauri ya ratsa. Ta sa hannu biyu ta yanke shi. Askar ta narke ta zama ruwa.

Ya ce, "Kyauta," da muryarsa ta turmi. "Saurara, lokaci ya ƙure. Mai farar rigar nan zai zo. Duk abin da zai yi, kada ki kira shi, kada ki ce a cece ki. In kin kira, takobinsa zai fita."

Ta share hawaye ta ce, "Ko sunansa ba zan faɗa ba."

Tambari na uku ya girgiza dutsen. Suka leƙa. Gangaren dutsen ya cika maƙil da 'ya'yan aljanu, dubbai, masu kunnen jemage da masu ido ɗaya, sun zauna jeri-jeri suna hamma. A gaba ga Uwar Suri kan gadonta. Sai ga Barƙiyanu bisa farin doki mai fukafukai, a bayansa bayi na ɗauke da kejin zinariya cike da kurciyoyi. Ya diro a bakin kogo, ya dafa takobi, ya ɗaga murya.

"Ya ke wadda aka zalunta, ki kira, ga mai cetonki ya iso!"

Kyauta ta riƙe hannun kawunta ta yi gum.

Barƙiyanu ya ja takobi, ya ƙi fita. Ya ce, "Ya ke yarinya, ba ki ga abin da ke tsaye kusa da ke ba? Ki kira!"

Ta ce, "Na gan shi. Kawuna ne. Kai ne ka sato ni."

'Ya'yan aljanu suka daina hamma. Aka fara miƙa wuya.

Fuskar Barƙiyanu ta canja. Ya ce, "Sau talatin da tara ana kirana, yau ma sai an kira." Ya yi wuf kamar walƙiya, kafin Mantau ya motsa ya fizge yarinyar, ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya miƙa ta saman ramin da ke gefen dutse. "Ki nemi ceto, ko in sake ki!"

Ƙafafunta na lilo a iska. Ta dubi ramin, ba ta ga ƙarshensa ba. Ta kasa daurewa, ta ƙwalla, "Kawu, cece ni!"

Takobin ya fice daga kube da kansa, amma bai je hannun Barƙiyanu ba. Ya wulwula a sama ya kafe a ƙasa gaban Mantau. Farar riga ta fara zamewa daga kafaɗun mai ita kamar ruwa. Barƙiyanu ya firgita ya kai hannu biyu zai riƙe ta, ya saki yarinyar.

Mantau ya yi tsallen da bai taɓa yi ba. Ya faɗi rub da ciki a bakin ramin, hannunsa ɗaya ya cafko gefen mayafin, ɗayan ya kamo ƙafarta. Ya jawo ta sama ya rungume. A lokacin ne fatar ta tsage daga bayansa, ta saɓule, ta tashi kamar shaho ta faɗa kan Barƙiyanu ta naɗe shi. Ƙahoni suka kafu, ya buɗe baki zai yi magana, ya ji muryarsa ta koma ta dabba.

Dutsen ya ɗauki sowa. 'Ya'yan aljanu suka miƙe tsaye suna ihu, "A kashe mugu! A kashe mugu!"

Uwar Suri ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, wanda aka kira shi ne jarumi, haka dokar take tun kafin a haife ni. Ga riga, ga takobi. Ka sa rigar, tabon fuskarka zai goge, ka zauna nan ba tsufa ba mutuwa. Sannan ka sare mugu. Ɗana ne, amma doka ba ta san ɗa ba."

Mantau ya ce, "Ranki ya daɗe, jarumi yana da roƙo a ƙarshen labari?"

"Yana da ɗaya, in rigar na jikinsa."

Ya ɗauki rigar ya duba. An ɗinka ta ne don siririn saurayi. Ya zura kai, ya tura hannu ɗaya da ƙyar, ya tura na biyu, ya ja numfashi. Kyaaat! Rigar ta rabe biyu tun daga wuya har ƙasa, ta rataye masa a kafaɗu kamar tsumma.

Wani ɗan aljani ya tuntsire da dariya. Na kusa da shi ya kama, kafin ka ce me duk gangaren ya rikice, suna faɗuwa suna riƙe ciki. Uwar Suri ta waiwaya tana kallonsu da mamaki, don rabonta da jin dariyarsu har ta manta.

Mantau ya ɗora takobin kan dutse, ya duba inda ƙirarsa ta yi rauni kusa da ƙota, ya sauke guduma sau ɗaya. Takobin ya karye. Ya ce, "Ba zan kashe ɗanki ba. Rigar kuwa tana jikina, ko da a yage ne. Roƙona shi ne a buɗe kejin can, a ba ni yaran mutane in tafi da su."

Uwar Suri ta ce, "An ba ka. Amma ka yaga riga, ka karya takobi, labarinmu ya ƙare kenan, sai mun nemi wani. Dubi sama." Rana da ke tsaye cak tun zuwansa ta fara gangarowa da sauri. "In ta taɓa ƙasa ƙofata za ta rufe, kuma ba guduma da za ta sake buɗe ta. Yi gudu, maƙeri!"

Aka buɗe keji. Kowace kurciya ta taɓa ƙasa sai ta zama yarinya, wasu da kitso irin na zamanin da ba wanda ya sani, wasu da tsagar garuruwa masu nisa. Mantau ya saɓa ƙananan biyu a kafaɗa, ya goya ɗaya, ya ce, "Kyauta, shige gaba! Kowa ta riƙe zanen 'yar'uwarta!"

Suka gangaro dutsen a guje. Kogin ƙarfe ya fara daskarewa ya yi baƙi, zomo na gaba yana tsalle yana nuna musu inda ya huce, wannan karon da gaskiya. Itatuwa suna juyewa suna faɗuwa a bayansu. A mararraba ƙananan suka gaji suka fara zubewa. Tsohuwa ta kwance shuɗin zanen da ta yafa ta shimfiɗa, ya yi ta faɗi har ya ɗauke su duka. Ta ce, "Yau dai na ba jarumi da hannuna!" Mantau ya kama bakin zanen ya ja, ya tashi da su sama da ciyawa kamar jirgin ruwa. Rana ta kai kan itatuwa. Ta kai rabin itatuwa. Suka faɗa zauren, suka hau gangaren, haske na ƙanƙancewa a sama. Ya tura su ɗaya bayan ɗaya, ya fito na ƙarshe, suri ya rufe ya datse masa bakin wando.

A waje la'asar ce sakaliya, duk ƙauyen na tsaye. Yalwa ta yi kan 'yarta ta rungume tana kuka tana dariya. Sauran mutane suka yi cirko-cirko suna kallon 'yan mata talatin da tara da ba wanda ya san su.

Mai gari ya tambayi ɗaya garinsu, ta faɗi sunan wani gari da ya ce tun kakan kakansa ya zama kufai. Ya tambayi ta biyu, haka. Sauran kuwa ko sunan garinsu ba su tuna ba. Ya cire hula ya share gumi ya ce, "Jama'a, waɗannan ba su da inda za a mayar da su. Namu ne."

Wata mata ta fito ta kama hannun ɗaya. Wata ta kama biyu. Liman ya ɗauki uku. Kafin a kira magariba kowace ta sami gida, sai ƙaramar da Mantau ya goyo, mai kamar shekara huɗu. Matar mai gari ta miƙa hannu za ta karɓe ta, yarinyar ta ƙanƙame wuyansa ta ƙi. Yalwa ta lallashe ta, ta ƙi. Aka kawo ƙosai, ta karɓa ta ci a bayansa, ba ta sauka ba.

Mantau ya ce, "Yalwa, ni ban san yadda ake renon yarinya ba."

Yalwa ta ce, "Ba kai ka zaɓa ba, Yaya, ita ta zaɓa. Kitso da wanka nawa, sauran naka."

Ya juya kai ya tambayi yarinyar sunanta. Ta yi tunani, ta yi tunani, ta ce ta manta.

Ya ce, "Ba komai. Gobe da safe a kira liman, a yanka rago, mu raɗa miki sabo."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa, ya gyara mata zama, ya nufi gida da ita. Nan labarin ya sauke kayansa.